Tafkin Pushkar da Bikin Cikar Watan Kartik: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda ya taɓa ganin hoton Pushkar, yawanci raƙuma ya gani, an yi musu ado da tuntaye da ƙararrawa, ga masu su zaune da manyan rawuna ja da ruwan ɗorawa. Da wannan hoton aka sayar wa duniya garin. Amma abin da ke tara jama'a a can kowace shekara wani ɗan tafki ne da mutum zai zagaye shi da ƙafa cikin ƙasa da awa guda, tare da imanin da mabiya addinin Hindu suka yi da ruwansa. Kasuwar raƙuma baƙuwa ce da ta biyo sawun masu ziyara. Ga tambayoyin da aka fi yi game da wurin.

A ina Pushkar yake?

A jihar Rajastan da ke arewa maso yammacin Indiya, cikin gundumar Ajmer. Tsakaninsa da birnin Ajmer bai kai kilomita 15 ba, sai dai akwai wani dutse mai suna Nag Pahar, wato dutsen maciji, da ya gitta tsakani, shi ya sa hanyar mota take ta lanƙwasa kafin ta gangara garin. Dutsen yana cikin jerin duwatsun Aravalli. Daga Jaipur, babban birnin jihar, tafiyar kusan kilomita 150 ce. Duwatsu sun kewaye garin ta ɓangarori uku, ɗaya ɓangaren kuma rairayi ne da ke miƙawa wajen hamadar Thar.

Garin ƙarami ne. A ƙidayar 2011 mutanensa sun ɗan haura 21,000. Duk da haka wuraren bautar da ke cikinsa da kewayensa ɗaruruwa ne, manya da ƙanana, wasu ma ba su fi akurki girma ba.

Me ya sa mabiya Hindu suke ganin tafkin mai tsarki ne?

Saboda labarin da littattafansu suka bayar game da asalinsa. A aƙidarsu akwai manyan ababen bauta uku da ake yawan ambata tare: Brahma da suke danganta wa halitta, Vishnu mai kiyayewa, da Shiva mai rushewa domin a sake sabo. Pushkar na Brahma ne.

Labarin, kamar yadda ya zo a littafin Padma Purana da kuma bakin mutanen garin, ya ce wani mugun aljani mai suna Vajranabha ya addabi mutane, sai Brahma ya kashe shi da furen bado da ke hannunsa. Ganyayen furen suka faɗi a wurare uku, ruwa ya ɓuɓɓugo a kowanne. Shi ya sa har yau ake lissafa Pushkar uku: babba, matsakaici da ƙarami. Wanda garin ya kewaye, wanda kowa ke nufi idan ya ce Pushkar, shi ne babban.

Daga nan ne labarin ya yi daɗi, domin ya koma rikicin cikin gida. Brahma ya shirya wata babbar hadaya ta wuta a bakin tafkin, kuma bisa ƙa'ida ba a yin irinta sai miji da matarsa suna zaune tare. Sa'ar da aka tsayar ta zo, uwargida Savitri ba ta iso ba, tana can tana jiran sauran mata su shirya su taho tare. Gudun kada sa'a ta wuce, aka nemo wata yarinya makiyayiya daga ƙabilar Gujjar, aka tsarkake ta, aka ɗaura mata aure da Brahma nan take, aka sa mata suna Gayatri, ta zauna a mazaunin uwargida. Savitri na isowa ta tarar an yi mata kishiya ba sallama. Ranta ya ɓaci, ta yi wa mijin baki cewa ba za a bauta masa a ko'ina ba sai a Pushkar, ta tsine wa sauran da suka sa hannu a auren, sannan ta yi yaji ta hau wani dutse mai suna Ratnagiri ta zauna.

Abin lura shi ne yadda aka shimfiɗa labarin a ƙasa, mutum na iya binsa da ƙafa. Haikalin Savitri yana can ƙololuwar Ratnagiri yana kallon garin daga sama, ana hawa da ɗaruruwan matakala, ko a shiga keken igiya mai ratayawa da aka kafa a shekarun baya-bayan nan. Haikalin Gayatri yana kan wani dutsen daban a ɗaya gefen. Brahma kuma yana ƙasa, tsakanin matansa biyu da ba sa ga maciji da juna. Matan aure sukan hau wajen Savitri su roƙa wa mazajensu tsawon rai, abin da ya ɗan ba da mamaki idan aka tuna yadda nata auren ya kaya.

Gaskiya ne cewa nan kaɗai ake da haikalin Brahma a duniya?

A'a, ko da yake masu yi wa baƙi jagora sukan faɗi haka da ƙarfin gwiwa. Akwai wasu: a Khedbrahma cikin jihar Gujarat, a Asotra cikin Rajastan ɗin kanta, a Goa, har ma a Prambanan da ke tsibirin Java na Indonesiya. Abin da yake gaskiya shi ne haikalan Brahma 'yan kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da na Vishnu da Shiva da ba sa ƙirguwa, kuma na Pushkar ne mafi shahara a cikinsu.

Ginin da ake gani yanzu ana danganta asalinsa da ƙarni na 14, amma an sha gyara shi da sake gina sassansa. Ana gane shi da jar hasumiyarsa da kuma siffar wani tsuntsun ruwa mai kama da dinya a kan ƙofa, wanda suke cewa shi ne abin hawan Brahma. A ciki gunkin yana zaune da fuskoki huɗu, kowace na kallon kusurwa guda, Gayatri na gefensa. Daɓen da bangon an manna musu kuɗaɗen azurfa da masu ziyara suka bayar, wasu da sunayen iyayensu ko 'ya'yansu a rubuce, akwai kuma wani kunkuru na azurfa a ƙasa yana fuskantar ɗakin gunkin. Al'adar ita ce mai ziyara ya fara wanka a tafki, sannan ya hau haikalin.

Wannan duk almara ce. Me tarihi ya tabbatar?

Ya tabbatar da cewa wurin tsoho ne sosai. Tsohon littafin nan na Mahabharata ya lissafa Pushkar a sahun gaba cikin wuraren ziyara. Akwai kuma shaidar da aka sassaƙa a dutse: a wani kogo da ke Nashik, wani basarake mai suna Ushavadata, wanda ya rayu wajen ƙarni na 2 miladiyya, ya sa an rubuta cewa ya je Pushkar ya yi wankan tsarki, ya ba da kyautar shanu 3,000 da ƙauye guda. Ke nan kusan shekara 1,900 da suka wuce masu mulki suna tasowa daga nesa domin wannan ruwan.

Mutanen garin suna ba da labarin Nahar Rao, sarkin Mandore, wanda ya fito farauta ya biyo wani aladen daji har ya iso wani kududdufi, ya sa hannu a ruwan, ciwon fatar da ke damunsa ya warke, shi kuma ya sa aka yashe tafkin aka gyara bakinsa. A ƙarni na 12 sarakunan Chauhan na Ajmer sun yi gine-gine a wurin, kuma ga ɗayansu, Arnoraja, ake danganta haikalin farko na Varaha, wato Vishnu a siffar aladen daji. Shi ne ma ya haƙa tafkin Ana Sagar da ke Ajmer.

Zamanin sarakunan Mughal, Musulmin da suka mulki Indiya, ya zo da fuska biyu. Raja Man Singh na Amber, babban hafsan sarki Akbar kuma mabiyin Hindu, ya gina katafaren masauki a bakin tafkin, wanda ake kira Man Mahal. Jahangir ɗan Akbar, da ya zauna a Ajmer daga 1613 zuwa 1616, ya je Pushkar da kansa, kuma ya rubuta abin da ya yi a littafin tarihin rayuwarsa: ya ga gunkin Varaha mai jikin mutum da kan alade, abin bai yi masa ba, ya sa aka farfasa aka jefa a ruwa. An kuma gaya masa tafkin ba shi da iyaka a zurfi, sai ya sa aka auna, aka tarar yana da ƙasa kamar kowane tafki. Marubuta tarihi sun ambaci ƙarin rushe-rushe a zamanin Aurangzeb, wanda ya yi mulki daga 1658 zuwa 1707.

Wannan ne dalilin da ya sa garin da ya haura shekara dubu biyu yake da gine-ginen da yawancinsu ba su wuce shekara 300 ba. Bayan ƙarfin Mughal ya ja baya, sarakunan Rajput da na Maratha da attajirai suka shiga gasar gini. Sawai Jai Singh na biyu, wanda ya kafa Jaipur, ya sake gina haikalin Varaha a ƙarni na 18. Wani attajiri daga Hyderabad ya gina haikalin Rangji a 1823, da doguwar ƙofa mai hawa-hawa irin ta kudancin Indiya, wadda ta fita daban da sauran gine-ginen garin.

Mene ne gat, kuma me ya sa ake ta maganar 52?

Gat matakala ce mai faɗi ta dutse da ke gangarawa daga tudu har cikin ruwa, inda ake wanka da addu'a. Duk mai kallon fina-finan Indiya ya sha ganin irinta. Pushkar yana da 52, sun kewaye tafkin kusan gaba ɗaya, fararen gidaje da haikalai na bayansu.

Sunayensu kaɗai sun isa su ba da tarihin wurin. Akwai na Jaipur, na Jodhpur, na Kota, na Gwalior, na Holkar, domin kowace masarauta ta so a ce tana da nata mashigi inda sarkinta da iyalinsa za su sauka idan sun zo ziyara. Ukun da suka fi cika su ne Brahma Gat, Varaha Gat da Gau Gat. A Gau Gat aka zuba wani kaso na tokar Mahatma Gandhi bayan kashe shi a 1948, shi ya sa ake kuma kiransa Gandhi Gat. A kusa da shi akwai wani keɓantaccen wurin wanka na mata da aka yi bayan ziyarar Sarauniya Mary ta Ingila a 1911. Mabiya addinin Sikh ma suna da rabonsu, domin jagoransu na goma, Guru Gobind Singh, ya sauka a Pushkar a farkon ƙarni na 18, kuma akwai wurin ibadarsu a garin.

Yaushe ake babban bikin, kuma me ya sa ranar take sauyawa?

Ranar da watan Kartik na kalandar Hindu ya cika, wadda suke kira Kartik Purnima, kwana 15 bayan bikin fitilu na Diwali. A 2023 ta faɗo 27 ga Nuwamba, a 2024 ta zo 15 ga Nuwamba, a 2025 kuma 5 ga Nuwamba.

Kalandar Hindu da wata take lissafi, saboda haka kowace shekara ranar tana matsowa da kwana 10 zuwa 12, kamar yadda azumi da salla suke yi. Bambancin shi ne su ba sa bari ta yi ta zagaye shekara. Kusan duk bayan shekara uku sukan ƙara wata guda a lissafi, sai bikin ya koma mazauninsa. Shi ya sa Kartik Purnima ba ta fita daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da damina ta ɗauke, tafki ya cika, zafi ya sauka, manomi kuma yana da ɗan abin da zai kashe.

Me ake yi a kwanakin bikin?

Kwanakin ibada biyar ne, daga ranar 11 ga hasken wata zuwa ranar cikarsa. Ranar farko tana da nata muhimmanci: a aƙidarsu Vishnu yana barcin wata huɗu na damina, kuma a ranar yake farkawa, daga nan ake buɗe kakar ɗaurin aure. Sun kuma yi imani cewa a waɗannan kwanaki biyar dukkan ababen bautarsu suna sauka su taru a tafkin, don haka wanda ya yi wanka a lokacin ya wanke zunubansa.

Wankan da asuba ake fara shi, cikin sanyi mai ratsa ƙashi. Tun kafin gari ya waye titunan da ke gangarawa tafkin sun cushe. Ƙauyawa ne suka fi yawa, iyali-iyali, maza da rawuna, mata da manyan mayafai ja da ruwan hoda da awarwaro har damtse, wasu da ƙunshin kaya a ka domin a waje suka kwana. Mutum zai sauka matakala, ya shiga ruwa zuwa ƙugu, ya nutsa kansa, ya kamfaci ruwa da tafin hannu biyu ya ɗaga wajen gabas ya zubar a hankali yana karanta addu'a. Mata da tufafinsu suke shiga, su fito su canza a bayan zanen da 'yan uwa suka kare su da shi. Daga nan sai a ba da sadaka, a watsa wa tantabaru hatsi, a miƙa wa saniya ciyawa, a nufi layin haikalin Brahma da kwakwa da furanni.

Da magariba kuma sai hidimar fitilu da suke kira arti. Masu jagorantar ibada suna tsayawa a bakin ruwa da manyan fitilun tagulla masu harsunan wuta da yawa, suna juya su a iska, ana kaɗa ƙararrawa da ganguna, ana busa ƙahon katantanwa, jama'a na amsa waƙa. Mutane kuma suna kunna 'yan fitilun aci-bal-bal su jera a matakala, ko su ɗora a kan ƙoƙon ganye da furanni su saki a ruwa. Ana yin arti kullum a Pushkar, amma na daren cikar wata ya fi kowanne taro.

Ba biki kaɗai ke kawo mutane ba. Duk tsawon shekara iyalai suna zuwa da tokar mamatansu su zuba a tafkin, su yi hidimar da ake yi wa magabata da dunƙulen shinkafa ko gari. Mutum zai ga masu murna da masu makoki a matakala guda, kowa da abin da ya kawo shi.

Su wane ne masu ɗaura wa baƙi jan zare a hannu?

Ana kiransu panda, malaman wurin ziyara ne daga zuriyar Brahmin, wato ajin malaman addinin Hindu, kuma gado ne. Aikinsu na asali yana da ban sha'awa. Kowane gidan panda yana da iyalai ko garuruwan da yake yi wa hidima, kuma yana ajiye manyan littattafai inda ake rubuta sunan duk wanda ya zo, da na ubansa da kakansa da ƙauyensu. Mai ziyara zai faɗi garinsu da danginsu, a kai shi wurin pandan gidansu, a buɗe littafi a nuna masa inda kakansa ya sa hannu. Ga mai binciken asalin iyali, waɗannan littattafai taska ce.

Amma inda baƙi suke da yawa, 'yan neman na tuwo ba sa rasuwa. Akwai masu tare baƙo a hanya su danƙa masa fure, su ce je ka jefa a tafki, yana isa bakin ruwa a zaunar da shi a fara karanta masa addu'a, a tambayi yawan 'yan gidansu, sannan a yanka masa kuɗi a kan kowane kai. Idan ya biya sai a ɗaura masa jan zare a wuyan hannu, wanda 'yan yawon buɗe ido suke yi wa laƙabi da fasfon Pushkar, domin mai shi ba a sake tare shi. Zaren kansa tsohuwar al'adar ibada ce. Matsa wa mutum lamba kuwa ba ya cikinta, kuma wanda ba ya so yana da damar ƙin karɓar furen tun farko ya wuce abinsa.

To ina raƙuman suka shigo?

Inda jama'a suka taru, ciniki ba ya nisa. Makiyaya da manoma da za su zo wanka sukan taho da dabbobin da suke son sayarwa, har abin ya zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin dabbobi a Indiya. Ana kafa ta a kan rairayin da ke yamma da gari, kuma sashen kula da dabbobi na gwamnatin Rajastan ne ke tafiyar da ita. Wanda ya san kara a ƙasar Hausa ba zai yi baƙunta ba: ga dillalai, ga mai saye yana buɗe bakin amale yana duba haƙori, ana tayawa ana albarka, ga masu sayar da akala da ragama da ƙararrawa a gefe.

Masu kiwon raƙuma na gado su ne Raika, ana kuma kiransu Rabari. Sukan yi tafiyar kwanaki da garkensu, su yada zango a fili, su hura wuta su gasa gurasarsu. Kafin a kai raƙumi gaban mai saye akan yi masa aski mai zane a jiki, a rataya masa ado. Akwai kuma dawakin Marwari masu kunnuwa da suka lanƙwaso ciki har tsininsu na taɓa juna, kuma a yau manyan kuɗin kasuwar a wajensu yake.

Hukumar yawon buɗe ido ta ƙara nata wasanni a filin taro: rawar raƙuma da ta dawaki, gasar ado, gasar naɗa rawani, tseren mata da tulu a ka, da gasar tsawon gashin baki, wadda 'yan jarida suka fi so. Wani abu da baƙi da yawa ba su sani ba shi ne kasuwar da ibadar ba sa cika a rana ɗaya. Cinikin dabbobi ya fi zafi kusan mako guda kafin cikar wata, kuma kafin ranar babban wanka makiyaya da yawa sun riga sun kama hanyar gida. Mai son ganin raƙuma ya zo da wuri, mai son ganin taron ibada ya tsaya har ƙarshe.

An ce raƙuman suna raguwa. Me ya jawo?

Ƙidayar dabbobi ta Indiya ta nuna raƙuman ƙasar sun sauko daga kusan 400,000 a 2012 zuwa kusan 250,000 a 2019, kuma mafi yawansu a Rajastan suke. Dalilin farko a fili yake: tarakta da ƙananan motocin ɗaukar kaya sun karɓe aikin huɗa da jan amalanke. Na biyu, makiyaya ta ƙuntata, gonaki da gandun dajin gwamnati sun cinye wuraren kiwo.

Na uku kuwa doka ce da aka yi da kyakkyawar niyya. A 2014 Rajastan ta ayyana raƙumi a matsayin dabbar jiha, a 2015 kuma ta kafa dokar da ta hana yanka shi, ta kuma tsaurara fitar da shi zuwa wata jiha. Masu saye daga waje suka ja baya, farashi ya faɗi, makiyayi ya ga ba riba a kiwon abin da ba zai iya sayarwa ba. A ganina wannan misali ne na gyaran gangar auzinawa, an zo kare dabba an karya mai kiwonta. Wasu na neman mafita ta hanyar sayar da nonon taguwa. Kasuwar ta kuma sha tsaiko a 'yan shekarun nan: annobar korona ta hana ta a 2020, cutar ƙurajen fatar shanu kuma ta hana cinikin dabbobi a 2022.

Tafkin ya taɓa ƙafewa?

Ya taɓa, kuma ba da daɗewa ba. Ba kogi ne ke ciyar da shi ba, ruwan sama ne da ke gangarowa daga duwatsun kewaye. Da aka sare itatuwan duwatsun, ruwan ya riƙa kwaso yashi yana cike tafkin. Gonaki da masaukan baƙi kuma suka yawaita rijiyoyin burtsatse, ruwan ƙasa ya yi nisa. Wajen 2008 zuwa 2009 aka yi aikin yashe tafkin a ƙarƙashin shirin gwamnatin tarayya na kula da tafkuna, sai damina ta zo da rauni, aka wayi gari tsakiyar tafkin busasshiyar laka ce. Mutanen garin da yawa sun ɗora laifin a kan yashewar, suna cewa an kwashe yumɓun da ke riƙe ruwa. Dole aka koma cika wasu kwatarniyoyin siminti a bakin matakala da ruwan burtsatse domin masu ziyara su samu na wanka. Daminun da suka biyo baya sun dawo da ruwan.

Ƙazanta ma matsala ce. Furanni da toka da abincin da ake jefa wa kifi da sunan sadaka suna ruɓewa a ruwan da ba ya gudu, kuma an sha samun kifaye sun mutu da yawa a lokacin zafi. A da har kadoji akwai a tafkin, suna kama masu wanka, sai a zamanin Turawan mulkin mallaka aka kwashe su aka kai wani ruwan.

Wanda ba Hindu ba zai iya zuwa?

Zai iya, garin cike yake da baƙi daga ko'ina, har da matasan Isra'ila masu yawa, shi ya sa ake ganin allunan shaguna da rubutun Ibrananci. Wasu haikalai dai suna hana wanda ba mabiyi ba shiga, kuma sukan rubuta a ƙofa. A bakin tafki ana cire takalmi, ana sa tufafin mutunci, kuma an hana ɗaukar hoton masu wanka, musamman mata.

Maganar ciki kuma, a shirya: ba a sayar da nama ko ƙwai ko giya a cikin garin. Abincin ganye ne da hatsi da nono. Akwai dal bati, dunƙulen alkama da aka gasa ake ci da miyar wake da man shanu, akwai malpuwa, wata fanke mai laushi da ake tsomawa a ruwan sukari, wadda garin ya yi suna da ita. Ana noman fure mai ƙamshi na wardi a kewaye, ana yin ruwan wardi da wani matsattsen zaƙi da ake kira gulkand. A yi hattara da kindirmon sha da ake kira lassi idan an ce na musamman ne, domin wani lokaci ana nufin an dama shi da ganyen wiwi.

Akwai wasu bukukuwa ban da na Kartik?

Akwai Holi, bikin watsa garin launi, wajen watan Maris, wanda a Pushkar ya koma taron matasa da kiɗa mai ƙarfi. Ranakun cikar wata da na duhunsa ma kan kawo masu wanka a kowane wata.

Mece ce alaƙar Pushkar da Ajmer, kuma ta ina ake bi?

Dutse guda ne ya raba ɗaya daga cikin manyan wuraren ziyarar Hindu da ɗaya daga cikin manyan wuraren ziyarar Musulmi a Indiya. A Ajmer ne kabarin Shehu Mu'inuddin Chishti yake, wanda ya yaɗa ɗarikar Chishtiyya a ƙasar, ya rasu a 1236. Ana taron tunawa da shi a kwanakin farko na watan Rajab. Sarki Akbar ya taka da ƙafa daga Agra har Ajmer a 1570 domin godiya bayan an haifa masa ɗa. Har yau mabiya Hindu da yawa da suka je wanka Pushkar sukan biya ta hubbaren Shehun, kuma motocin haya iri ɗaya ne ke jigilar masu ziyarar wuraren biyu.

Ajmer ɗin ita ce ƙofar shiga. Tana kan babban layin dogo tsakanin Delhi da Ahmedabad, kuma daga tasharta zuwa Pushkar kusan rabin awa ne a mota. Filin jirgin sama mafi kusa shi ne na Kishangarh da aka buɗe a 2017, sai kuma na Jaipur da ya fi shi girma. A makon biki kuɗin masauki a Pushkar yana ninkawa, ɗakuna kuma suna ƙarewa tun da wuri, don haka mutane da yawa sukan kwana a Ajmer su riƙa zuwa da safe. Ga Musulmi wannan ya fi sauƙi ma, domin a unguwar hubbaren akwai masallatai da gidajen abinci masu naman halal.